Idan Gwamnati Ta Buƙaci Gidanka Ko Gonarka Don Aikin Jama'a: Sharuɗɗan Doka Da Matakan Da Za Ka Bi

Duk wanda ya zauna a Katsina ko Daura cikin 'yan shekarun nan ya san abin da jan fenti a jikin katanga yake nufi. Safiyo zai zo da ma'aikatansa su ja awo, su kafa turaku, su shafa alama a bangon zaure, kafin la'asar kuwa zance ya gama unguwa cewa hanya za ta biyo ta nan. Ayyuka irin su faɗaɗa titunan cikin birni, da mayar da hanyar Kano zuwa Katsina tagwaye, da layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, wanda ya ratso ta Daura da Mashi da Katsina har zuwa Jibiya, duk ba sa yiwuwa sai an bi ta kan gidajen mutane da gonakinsu. Doka ta ba gwamnati wannan iko, kuma babu amfani a yaudari kowa cewa zai iya hana aikin jama'a don kawai gidan gado ne. Sai dai ikon yana da ƙa'idoji, waɗanda idan hukuma ta tsallake ɗaya daga cikinsu kotu tana iya rushe karɓar filin baki ɗaya. Mai gida kuma yana da nasa aikin, domin galibin asarar da ake yi a wannan harka tana aukuwa ne a makonnin farko, lokacin da mutum yake jiran ya ji daga bakin maƙwabci maimakon ya tattara hujjojinsa.

Abin da ka mallaka a idon doka

A baki muna cewa "filina" ko "gonar gidanmu", amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ta sanya dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin 'yan Nijeriya. Abin da ke hannun mutum shi ne haƙƙin zama da cin moriyar wurin. A Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, tun da dokar ƙasa ta Turawa ta 1910 da Dokar Mallakar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 sun riga sun sanya ƙasa ƙarƙashin kulawar hukuma. Haƙƙin nan iri biyu ne: wanda gwamna yake bayarwa, wanda ake ba mutum takardar shaidarsa da aka fi sani da C of O, da kuma na gargajiya, wanda ƙaramar hukuma take bayarwa a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba.

A nan ne mutane da yawa suke karaya tun ba a je ko'ina ba, suna cewa ai gidansu ba shi da takarda. Sashe na 34 da na 36 na dokar sun ce wanda yake riƙe da ginannen wuri ko yake noma gona tun kafin dokar ta fara aiki a watan Maris na 1978, ana ɗaukarsa tamkar an ba shi haƙƙin a hukumance, ko da bai taɓa zuwa ofishin filaye ba. Saboda haka tsohon gida a lungunan da ke tsakanin Ƙofar Soro da Ƙofar Guga, ko a unguwannin da ke kewaye da rijiyar Kusugu, yana da kariyar doka kamar gidan da ke da satifiket, illa dai shi mai shi sai ya kawo shaidar cewa nasa ne. Bayan wannan, sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a karɓi dukiyar kowa da ƙarfi sai ta hanyar dokar da ta tanadi biyan diyya ba da jinkiri ba, ta kuma ba mai dukiyar damar zuwa kotu a tantance haƙƙinsa da adadin diyyarsa.

Fara da tambayar wanda yake son karɓar wurin

Abu na farko da za ka bincika shi ne hukumar da ta aiko, domin ba kowace hukuma ce take da ikon soke haƙƙinka ba. Idan wurin yana cikin yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, gwamna ne kaɗai yake da wannan iko. Shugaban ƙaramar hukumar Katsina ko na Daura, komai kyawun aikin da yake son yi, kasuwa ce ko tashar mota ko asibitin sha-ka-tafi, ba zai iya soke haƙƙin mai gida a cikin birni da sa hannunsa ba. Dole ne ya miƙa buƙatarsa ga gwamna, gwamnan ya soke a madadinsa ƙarƙashin sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa. Haka ita ma Gwamnatin Tarayya: idan tana son fili don layin dogo ko makaranta, sanarwa take aikawa da sunan Shugaban Ƙasa, gwamna kuma ya zartar da sokewar. Hakimi da dagaci da mai unguwa suna da matsayi babba wajen shaida da sulhu, amma doka ba ta ba su ikon karɓe fili ba, haka shi ma ɗan kwangila, komai girman katafilarsa.

Ƙaramar hukuma tana da nata ikon a karkara. Sashe na 6 ya yarje mata ta soke haƙƙin gargajiya don aikin jama'a, muddin wurin ba ya cikin birni, babu satifiket na gwamna a kansa, gwamnatin jiha ko ta tarayya ba ta riga ta karɓe shi ba, kuma bai shafi dokokin ma'adinai ba. Wannan sashe yana da tanadi biyu da manoma ba su cika sani ba. Idan gona ce aka karɓa, wajibi ne ƙaramar hukumar ta ba manomin wata gonar a madadi, ban da diyyar abin da ya dasa ko ya gina. Idan kuma ta ƙi biya ko ta yi ta jan ƙafa fiye da kima, gwamna yana da ikon sa a ƙiyasta diyyar ya umarce ta ta biya. Matsalar da ake yawan samu ita ce a gefen gari, inda unguwa ta cika da gidaje amma ba a tabbatar ko tana cikin iyakar birnin da aka ayyana ba. Amsar wannan tana ma'aikatar filaye ta jiha, kuma ya dace ka nemi a nuna maka ita a rubuce.

Dalilin karɓar

Sharaɗi na biyu shi ne dalili. Doka ta ce sai don maslahar jama'a wadda ta rinjayi ta mutum ɗaya, kuma sashe na 51 ya zayyana abubuwan da ke shiga ciki: amfanin gwamnati ko na jama'a gaba ɗaya, ayyukan tsaftar muhalli, hanya da layin dogo da filayen da ke maƙwabtaka da su, lantarki da sadarwa, haƙar ma'adinai, tsara sababbin unguwanni, raya masana'antu da noma, ilimi da sauran ayyukan jin daɗin jama'a, har da amfanin kamfanin da gwamnati take da hannun jari a cikinsa. Jerin yana da faɗi ƙwarai, kuma a ganina ya yi faɗin da yake ba marasa tsoron Allah ƙofa, amma duk da haka yana da iyaka. Abin da kotuna suka tsaya a kai shi ne ba a karɓe wa Audu a ba Garba don Garba ya yi kasuwancinsa. Kotun Ƙoli ta faɗi haka tun 1974 a shari'ar Ereku da Gwamnan Soja na Jihar Tsakiyar Yamma, inda aka karɓi filin jama'a aka ba wani kamfani haya, ta sake jaddada shi a 1991 a shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance. Kotuna sun kuma sha yanke cewa idan an karɓi wuri da sunan aikin jama'a sannan aka juya shi ga wani amfani na ƙashin kai, mai shi na asali yana iya neman a mayar masa.

Kada dai ka ɗauka duk inda aka yanka fulotai aka raba wa mutane to an karya doka, domin tsara sabuwar unguwa yana cikin dalilan da aka halatta. Abin da alƙali zai duba shi ne ko akwai tsari na gaskiya, da taswira, da hanyoyi da wuraren makaranta da kasuwa, ko kuwa an fake da guzuma ne don a harbi karsana. Malamai ma sukan kawo cewa a shekara ta 17 bayan hijira Sayyidina Umar ya sayi gidajen da ke kewaye da Ka'aba don faɗaɗa masallaci, waɗanda suka ƙi sayarwa kuma aka rushe nasu aka ajiye musu kuɗinsu har suka zo suka karɓa. Wato a shari'a ma abubuwa biyun tare suke tafiya, maslaha ta gaskiya da biyan ƙima.

Sanarwa: jan fenti ba takarda ba ne

Wannan shi ne sharaɗin da hukumomi suka fi tuntuɓe a kansa. Sashe na 28 ya ce sokewar haƙƙi sai ta fito da sa hannun jami'in gwamnati da gwamna ya ba izinin yin haka, sannan a miƙa sanarwa ga mai haƙƙin, kuma haƙƙinsa ba ya faɗuwa sai ranar da sanarwar ta isa gare shi ko wata rana ta gaba da aka ambata a ciki. Sashe na 44 na Dokar Amfani da Ƙasa ya bayyana yadda ake isar da ita: a ba shi hannu da hannu, ko a bari a gidan da aka san yana zaune, ko a aika ta wasiƙa mai rajista, idan kamfani ne a kai ofishinsa. Sai an yi bincike na hankali an kasa gano sunansa ko inda yake, sannan za a ba wani da ke wurin ko a liƙa ta a inda kowa zai gani. Sanarwar rediyo, da taron da aka kira a ƙofar gidan hakimi, da bugawa a gazet, wato jaridar da gwamnati take buga sanarwarta ta hukuma a ciki, duk suna da amfaninsu, amma Kotun Ƙoli ta bayyana, kamar a shari'ar Goldmark da Ibafon ta 2012, cewa bugawa a gazet ba ta tsayawa a madadin sanar da mai wurin. Ƙa'idar alƙalai a irin wannan doka ita ce a tsananta wa hukumar da ke karɓa, tun da ita ce take raba mutum da abinsa.

Idan takarda ta zo hannunka, karanta ta a tsanake ko ka sa wanda ka amince da shi ya karanta maka, ka duba abubuwa huɗu: sunan wanda aka rubuta wa, bayanin wurin da girman abin da za a ɗiba, takamaiman aikin da za a yi, da muƙamin wanda ya sa hannu. Takardar da ta ce "don amfanin jama'a" kawai ba tare da faɗin aikin ba tana da rauni, domin kotuna sun ce mai wuri yana da haƙƙin sanin dalili don ya iya ƙalubalantarsa. Rubuta ranar da ta zo da sunan wanda ya kawo ta, ka ɗauke ta hoto da waya, ka yi kwafi biyu ko uku. Kada ka ƙi karɓa da tunanin cewa ƙin karɓa zai tsayar da aiki. Barinta a zaurenka ma ya wadatar a doka, kai kuma ka rasa sanin abin da ke ciki. Idan kuwa alama kawai aka shafa ba takarda, rubuta wasiƙa zuwa ga kwamishinan filaye kana neman bayani, ka kai da kanka, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka.

Diyya, da ranar ƙidaya

A nan ne maganar take da ɗaci, kuma gara a faɗe ta yadda take. Tun da doka ta ɗauki ƙasa a matsayin amanar da ke hannun gwamna, ba ta biyan kuɗin ƙasar kanta a farashin kasuwa. Abin da sashe na 29 ya tanada a kan tsurar fili shi ne daidai kuɗin hayar ƙasa da mai shi ya biya gwamnati a shekarar da aka soke haƙƙin, idan ma yana biya. Wanda ya sayi fuloti da miliyoyi a bakin sabon titi ya bar shi fayau, ko harsashi bai tona ba, abin da doka ta tilasta a ba shi kaɗan ne ƙwarai. Gwamnatoci sukan ba irin waɗannan wani fuloti ko wani kuɗi don sauƙaƙawa, amma wannan tausayawa ce ko tsarin gwamnati mai ci, kuma ayyukan da bankunan raya ƙasa na duniya suke ba da kuɗinsu sukan zo da sharuɗɗan biya da suka fi na dokar sassauci. Ya dace ka tambayi wanda ke ɗaukar nauyin aikin tun da wuri.

Abin da doka take biya shi ne abin da mutum ya zuba wa kuɗi ko gumi a kan ƙasar kuma amfaninsa bai ƙare ba: gini, katanga, rijiya, hanya, magudanan ban-ruwa, cikon kwari da aka yi, da itatuwa masu daɗewa. Ana ƙiyasta gini da abin da za a kashe a sake gina irinsa, sannan a cire ragin tsufa. Misali kawai, idan jami'i ya ƙiyasta cewa sake gina gidanka zai ci naira miliyan 10, ya kuma yanke cewa tsufa ya ci kashi 30 cikin 100, miliyan 7 za a rubuta maka, alhali mai sayar da siminti da kwano ba zai rage maka ko kwabo don gidanka na da tsoho ne ba. Amfanin gona da itatuwa kuwa ana biyansu ne bisa jadawalin farashi da gwamnati ta tsara, kuma babban jami'in filaye na jiha shi ne doka ta ɗora wa alhakin ƙiyasin. Idan an yi jinkirin biyan diyyar gini, doka ta ce a ɗora kuɗin ruwa a ma'aunin banki. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da wannan ƙari ba sai ya tambayi malaminsa yadda zai yi da shi.

Tun da haka abin yake, ranar da ma'aikata suka zo ƙidaya ita ce ranar da ake yanke rabonka, kuma bai kamata ka wakilta yaro ko ka tafi kasuwa a wannan rana ba. Kafin su zo, zagaya gidan da waya ka ɗauki hoto da bidiyo na kowane ɗaki ciki da waje, da wani abu da zai nuna kwanan wata. Auna tsawo da faɗin kowane ɗaki ka rubuta a littafi. Idan sun iso, bi mai awo ƙafa da ƙafa. Sau da yawa idonsa yana kan ɗakunan bulo da kwano, sai ya wuce soron ƙasa mai rufin azara kamar ba gini ba ne, ya manta da dakalin ƙofar gida, da rumbu, da turken dabbobi, da ramin masai, da rijiyar da ke tsakar gida, da wayarin ɗin lantarki da famfo. Kowane ɗaya ka nuna shi da hannu ka ga an rubuta. A gona kuma a ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya a gabanka, a bambanta mangwaron da ke 'ya'ya da dashen bara, kada a haɗa ɗorawa da tsamiya da kuka da giginya a kira su "itatuwan daji", domin duk macen da ke yin daddawa ta san abin da ɗorawa ɗaya take kawowa a shekara. Idan fadama ce, a rubuta rijiyoyin ban-ruwa da bututun da aka binne. Noman da aka riga aka girbe ba a biyansa, sai wanda yake tsaye a gona, saboda haka idan gero ko dawa sun kusa nuna, roƙi a ba ka lokaci ka girbe, ko a rubuta su a ƙidaya.

Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a fom ɗin da ba a cike ba, ko wanda aka cike da fensir. Nemi kwafi, idan an ce babu sai ka ɗauki hotonsa kafin ya bar hannunka, kuma mai unguwa da maƙwabta biyu su kasance a wurin. Kana da damar ɗaukar ƙwararren mai ƙiyasin kadarori mai rajista ya yi maka naka lissafin ya kuma wakilce ka. Ga unguwa guda, haɗa kuɗi a ɗauki mutum ɗaya ya fi sauƙi. Amma a yi hattara da masu yawo da takardar wakilci suna neman a sa musu hannu, domin wasu takardun suna ba wakili ikon karɓar kuɗin gaba ɗaya a asusunsa. A rubuta kason ladansa ƙarara, kuma diyyar ta shiga asusun mai haƙƙi kai tsaye. Sabon gini da dashen dare da wasu suke yi bayan an kafa turaku kuwa asarar kuɗi ne, tun da ƙimar ranar sokewa ake biya.

Akwai waɗanda dokar ba ta tanadar wa diyya ba. Idan an soke haƙƙin mutum ne don ya karya sharuɗɗan satifiket ɗinsa, ko ya sayar ko ya jinginar ba da amincewar gwamna ba, sashe na 29 bai rufe shi ba. Wanda ya yi gini cikin hurumin babbar hanyar tarayya, wato mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane gefe, ko a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko ba da izinin hukumar tsara birane ba, matsayinsa yana da rauni sosai. Masu fulotan awon igiya su ma su san cewa sashe na 36 ya hana a yayyanka gonar gargajiya a sayar da ita fuloti-fuloti, don haka takardar ciniki mai sa hannun shaidu tana taimakawa wajen nuna wanda ya yi ginin, amma ba ta kai ƙarfin takardar hukuma ba. Wanda bai yi wa wurinsa rajista ba ya je ma'aikatar filaye ko hukumar KATGIS mai kula da rajistar filaye a jihar Katsina tun kafin wani aiki ya taso.

Gidan gado, aro da jingina

Doka ta ce mai haƙƙi da wanda yake zaune ko yake aiki a wurin kowa a biya shi gwargwadon abin da ya mallaka. Idan ka ba ƙanenka aron gona shi ya shuka, amfanin da ke tsaye nasa ne, itatuwan da mahaifinku ya dasa kuwa na magada ne. Wanda ke riƙe da gona a jingina, da ɗan haya da ya gina shago da kuɗinsa bisa yardar mai gida, su ma su bayyana ranar ƙidaya a rubuta sunayensu. Gidan gadon da ba a raba ba shi ne ya fi haddasa rigima, domin sau da yawa sunan babban wa ake rubutawa, kuɗi su shiga asusunsa, sannan mata da marayu su yi ta bin sa da "Yaya, ina namu?" Hanya mafi tsafta ita ce magada su je kotun shari'a tun kafin biya, a tabbatar da sunayensu da kason kowa, har da tumunin matar mamaci, a kai wa ma'aikata wannan takarda. Filin al'umma, kamar makiyaya ko filin Idi, gwamna yana iya umartar a biya al'ummar, ko a ba shugabansu ya sarrafa don amfaninsu, ko a zuba a wani asusu na musamman.

Wani lokaci akan yi wa mai gidan zama tayin wani matsugunin maimakon kuɗi, kamar yadda sashe na 33 ya yarda. Kafin ka amsa, je ka ga wurin da idonka, ka duba ruwa da hanya da nisansa daga sana'arka, domin da zarar ka karɓa doka ta ɗauka an gama biyanka. Idan kuma ƙimar sabon wurin ta fi diyyarka, ana iya mayar da rarar bashi a kanka, saboda haka a rubuta wannan a fili kafin ka kwashe kaya.

Idan ba ka gamsu ba

Ka fara tantance abin da kake ƙorafi a kai, domin hanyoyin sun bambanta. Idan adadin kuɗin ne bai yi maka ba, sashe na 30 ya ce a kai saɓanin gaban Kwamitin Amfani da Rabon Filaye na jiha, wanda doka ta ce dole ya ƙunshi lauya da aƙalla ƙwararru biyu a harkar filaye ko ƙiyasi. Rubuta takardar koke gajeriya, ka jera abin da aka tsallake ko aka rage wa ƙima, ka haɗa hotuna da rahoton mai ƙiyasinka. Za ka iya jin ana cewa sashe na 47 ya hana kotu duba yawan diyya. Haka aka rubuta, amma a 1986, lokacin Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a shari'ar Kanada da Gwamnan Jihar Kaduna cewa wannan hani ya ci karo da tsarin mulki, kuma lauyoyi suna kafa hujja da wannan hukunci har yau. Idan matsin rayuwa ya sa dole ka karɓi abin da aka ba ka, nemi shawarar lauya kafin ka sa hannu, domin takardar biya takan ƙunshi jimlar da ke cewa ka karɓi cikakken haƙƙinka ba ka da sauran magana.

Idan kuwa sokewar kanta kake ƙalubalanta, don ba a ba ka sanarwa ba, ko wanda ya sa hannu ba shi da iko, ko dalilin ba na jama'a ba ne, to Babbar Kotun Jiha za ka nufa, kuma ita ce kaɗai take da hurumi a kan filin da ke ƙarƙashin haƙƙin da gwamna ya bayar. Lauyanka zai iya neman umarnin dakatar da rusau kafin a saurari ƙarar, abin da yake da wuyar samu bayan katafila ta riga ta shiga. Kada a ɓata lokaci, domin lauyoyin gwamnati sukan kafa hujja da dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3. Kotuna sun ce ba ta shafi ƙarar neman dawo da fili ba, amma shigar da ƙara cikin wa'adin ya raba ka da wannan jayayya tun daga tushe. Wasu hukumomin kuma dokar da ta kafa su ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a maka su a kotu, kuma wannan ma yana cin kwanaki. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko ya kai kokensa ofishin Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da ke Katsina, wadda ba ta karɓar kuɗi, ya tafi da kwafin sanarwar, da hotunan ƙidaya, da wasiƙarsa mai hatimin karɓa.